Gwangwanin da Kawu Bai Buɗe wa Gidansa Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Kawuna, yayan mahaifiyata, ta zo ne wata Talata da hantsi. Yana zaune a bakin gadon matarsa da kofin kunu a hannu, sai ya ce mata bari ya ɗan huta. Ya jingina da bango, shi ke nan. Inna, matar tasa, wadda ɓarin jikinta na dama ya shanye shekaru da dama, ita ta lallaɓa da hannun hagu ta danna wayar da ke gefen filo ta kira ni. Ina asibiti a Germantown, nan Amurka, a lokacin, a tsakiyar aiki. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Zo, kawunki ya yi shiru."

Gidan nasu na Greenbelt ƙaramin sashe ne a ƙasan bene, ɗaki biyu da falo. Ban san yadda ya ɗauki mutanen da ya ɗauka a kwanakin zaman makoki ba. Likitoci sun zo da kayan aiki a jikinsu. Matan coci daga Manassas sun zo da kuloli na tuwo da miyar kuka, suka shige kicin suka kore mu. Ɗalibai sun tsaya a waje suna nuna wa mutane wurin ajiye mota. Aminin Kawu, wani dattijo mutumin Filato da duk muke kira Baban Filato, ya ƙi shiga ciki. Ya zauna a kan matakalar ƙofa da hularsa a gwiwa, duk wanda ya ce masa ya shigo sai ya ce, "Ina zuwa," bai kuwa motsa ba har magariba.

Wani abu ya riƙa faruwa da ya ɗaure wa baƙi kai. Mutum zai yi gaisuwa, ya yi addu'a, sai ya sa hannu a aljihu ko a jaka ya fito da noti, irin notin ƙarfen nan na mota, ya tsaya yana kallonsa. Wata mata ta riƙe nata tana kuka tana cewa, "Ban gama ba ya tafi." Limamin da ya zo daga wani gari ya raɗa mini, "Baiwar Allah, wannan kuma wace al'ada ce?" Na ce masa, "Malam, doguwar magana ce, kuma daga China ta taso." Ya dube ni kamar na zautu.

Duk wannan ana yi, zuciyata tana kan abu guda: ina Inna za ta kwana bayan an watse? Kawu ne hannunta da ƙafarta. Ɗansu ɗaya ne, wanda nake kira Yaya, yana can Texas da matarsa da 'ya'yansa. Tun a daren farko ya gaya mini ya yi magana da wani gidan kula da tsofaffi, sun ce za su riƙe mata ɗaki zuwa sadakar arba'in. Inna kuwa ta taɓa gaya mini, tun Kawu na da rai, cewa ta fi son a fitar da ita daga wannan gida a makara da a fitar da ita a kan keke zuwa irin wancan wuri. Ni nas ce, na san gidajen nan, wasu ma masu kyau ne. Amma na san babu mai gaishe ta da Hausa a ciki, kuma bakinta bai koma daidai da zai iya Turanci ba.

Sai na koma kan notin, don in ba a san shi ba, ba a san Kawu ba.

Yana saurayi, kafin ya yi karatun injiniya, kafin ya zo ƙasar nan ya shafe rayuwarsa yana kula da injinan jiragen ƙasa, ya yi aiki da wasu 'yan China da suka zo haƙa rijiyoyi a ƙauyukan wajenmu. Sun zo da motarsu, wata gingimari mai launin ganye da dogon hanci. Kawu ne ya riƙa tuƙa ta. In yana ba da labarinta sai ka rantse wata tsohuwar gwaggonsa yake tunawa. Wai sitiyarinta sai ka ci ka ƙoshi kafin ka juya shi. Cikinta zafi kamar tanda. In ta ga tudu sai lagireto ya tafasa, a tsaya a ba ta ruwa. In batir ya yi gardama, a sa mata handil a gaba a murɗa. Amma fa, in ji shi, ba ta taɓa barinsu a daji ba, don babu abin da zai lalace a jikinta da mutum ba zai gyara da guduma da sifana ba.

A cikin 'yan Chinan akwai wani tsohon bakanike da ya iya Hausa 'yar kaɗan. Daga masana'antar da ta ƙera motar ya fito, can wani birni mai tsananin sanyi a arewa maso gabashin ƙasarsu, Changchun. Shi ya fara ba Kawu tarihin wurin, sauran kuma Kawu ya bi ya karanta da kansa, har bayan ya yi ritaya ya ɗauki jiki ya je ya gani da idonsa. Ya dawo da tari da hotuna, ya ishe mu da labari har muka haddace.

Ga yadda yake faɗa. Wai a farkon shekarun hamsin ƙasar nan mai ɗimbin jama'a ba ta da masana'antar mota tata ta kanta. Rashawa suka taimaka musu suka kafa wannan, aka tattaro ma'aikata daga ko'ina, wasunsu ba su taɓa shiga mota ba. A shekarar 1956 gingimarin farko ta fito, suka sa mata suna da ke nufin 'Yanci. Kwafin motar Rashawa ce, ita ma ta Rashawan ta ɗauko daga ta Amurkawa. Nan Kawu yake ɗaga yatsa ya ce, "Kun ji ko? Kowa a wurin wani ya gani." Suka yi wajen shekara talatin suna buga wannan mota kusan yadda take, har duniya ta wuce ta bar su, sai da suka tsaya suka sake komai daga tushe. Kawu ya fi son wannan ɓangaren fiye da na nasara. Yakan ce, "Masana'anta guda ta koma makaranta da furfura a kanta, kai kuma kana jin kunyar sake jarrabawa."

Bayan gingimarin sun gwada ƙaramar mota, da wani dodo mai ruwan zinariya a kan bonet, kaɗan suka yi suka bari. Sai aka ce ana son babbar motar alfarma ta shugabanni, kuma cikin gaggawa. Ba su da zane, ba su da injinan buga jikinta. Sai suka aro wata motar Amurka, suka kwance ta kaf, suka baje sassanta kamar ranar kasuwa. Aka kira ma'aikata, aka ce kowa ya zaga ya duba, abin da ya san zai iya ƙerawa ya ɗauka ya ce nawa ne. Wannan ya ɗauki marfin ƙofa, wancan ya ɗauki fitila. Jikin motar da guduma aka buga shi. Haka baƙar motar nan da suke kira Jan Tuta ta samu. Kawu ba ya ɓoye aibinta: shan mai kamar rami, ga yawan tsayawa a hanya, har aka dakatar da ita wani lokaci kafin a dawo da ita. "Amma ta tashi," in ji shi. "Mutanen da ba wanda ya iya mota a cikinsu sun yi mota, don kowa ya iya wani abu."

Wannan baje-kolin shi Kawu ya ɗauko ya kawo mana. Yana da wani tsohon gwangwanin madara cike da notuna. In wani a cikinmu ya shiga matsala, ba ya yarda a tsaya a kan "Allah ya kawo sauƙi" kawai, kuma ba ya son a yi karo-karo a miƙa wa mutum a wuce. Sai ya tara mu a falonsa bayan la'asar ɗin Lahadi, ya shimfiɗa tabarma, ya kwance matsalar kamar yadda aka kwance motar can. Ya ajiye noti ya ce, "Wannan kai yara makaranta ne." Ya ajiye wani, "Wannan rakiya wurin lauya." Wani, "Wannan tuwon ranar Alhamis." Kowa ya ɗauki wanda zai iya, ya sa a aljihu, ba zai mayar ba sai ya gama. Dokarsa biyu ce. Ba a ɗaukar abin da ba a iya ba don a burge mutane. Kuma notin da ya rage a tabarma ba a tura wa kowa shi, ba a ma kallon kowa, sai a ci abinci a tashi.

Ni kaina an baje ni, kuma wallahi ban so ba. Na haifi ɗana na fari watanninsa ba su cika ba, mijina bai samu takardar shigowa ba tukuna, ga aiki, ga jariri a kwalba a asibiti. Kawu ya ce zai tara mutane. Na ce masa, "Kawu, ni ba tsohuwar mota ba ce da za a kwance ni a gaban jama'a." Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. Ya ce, "Uwata, ba ke za a kwance ba, wahalar za a kwance." Na ce asirina fa? Ya ce, "Asirin da zai kashe ki a ɗaki ke kaɗai, me za ki yi da shi?" Na yi fushi na kwana biyu ban ɗauki wayarsa ba. Shi kuwa ko a jikinsa, ya tara mutanensa. Wata mata daga Manassas da ban taɓa gani ba ta riƙa zuwa tana zama da ni a asibiti, tana tsefe mini kai. Yau ita ce babbar ƙawata.

Kada a ɗauka Kawu mala'ika ne. Yana da baki, kuma in ya hau kan maganar motocinsa ba ya ganin fuskar wanda ke gabansa. Baban Filato ya yi aiki a masana'antar haɗa motoci a Kaduna yana matashi, kuma yana alfahari da hakan. Wata rana a wurin suna, ya tsokani Kawu ya ce, "Injiniya, mutanen nan naka ai kwafi kawai suka iya." Kawu ya ajiye cokali ya ce, "Su sun kwafa sun koya. Ku kuma an kawo muku a akwati kun ɗaura, shekara da shekaru, ko noti ɗaya ba ku ƙera ba." Baban Filato ya tashi ya wanke hannu ya fita. Hunturu guda suka yi ba sa magana. Na ce wa Kawu ya je ya ba shi haƙuri, ya ce ai gaskiya ya faɗa. Na ce, "Gaskiyar ce ta ƙone masa ƙuruciyarsa a gaban mutane." Duk da haka bai je ba.

Ciwon Inna ne ya shirya su. Ranar da aka sallamo ta daga asibiti, muka iso muka tarar da Baban Filato a ƙofar gida da katako da zarto. Ya riga ya nemi izinin masu gidan, yana haɗa gangaren da keken Inna zai bi. Kawu ya tsaya yana kallonsa. Baban Filato bai ɗago ba, ya ce, "Riƙe mini nan." Kawu ya riƙe. Da aka gama, Baban Filato ya taka gangaren da ƙarfi ya ce, "Wannan dai ba a akwati aka kawo mini ba." Kawu ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Na ci na ƙoshi, Baba, ka yafe mini."

To ga abin da har yau nake jin haushin Kawu a kansa, kuma zan faɗa ko da ana cewa ba a faɗin laifin mamaci. Mutumin da ya baje matsalar kowa, bai taɓa yarda a baje tasa ba. Gangaren nan shi kaɗai ya karɓa, shi ma don an yi ba da shawararsa ba. Shi ke ɗaga Inna da safe, shi ke mata wanka, shi ke dafa abinci, shi ke juya ta a gado don kada jikinta ya yi gyambo. Na sha ce masa, "Kawu, ina gwangwanin?" Sai ya ce, "Wannan notin nawa ne, na ɗauka tun ranar ɗaurin aure." Na ce ai a masana'antar taka ma ba mutum ɗaya ya ƙera inji ba. Sai ya canza magana. In Yaya ya bugo daga Texas, amsa ɗaya ce, "Lafiya lau, kowa lafiya, ka kula da aikinka." Ina kallon mutumin nan yana ramewa, wandonsa na zamewa daga ƙugu. Ni da nake auna jinin baƙi kullum, kawuna ya ƙi miƙo mini hannunsa.

Amma kuma in ka gan su tare sai haushin ya ragu. Yana tura kekenta a kan hanyar da ke zagaye tafkin garin, yana yi mata ƙarar inji da baki, in sun zo ɗan tudu ya ce, "Hajiya, lagireto ya tafasa, a ba direba ruwa." Ita kuma ta ɗaga hannun hagu ta doke shi a hankali. Yakan yanka mata farce yana ba ta labarin sanyin Changchun karo na ba adadi, tana lumshe ido tana cewa, "Na ji, na ji."

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, na sami Yaya a kicin. An haife shi a nan, yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake amsawa, sai gaisuwa da addu'a. Na ce masa ina so mu buɗe gwangwanin saboda Inna. Ya ce a'a tun ban rufe baki ba. Ya ce ba za a zaunar da mahaifiyarsa a tsakiyar falo ana rabon wa zai kai ta banɗaki ba. Ya ce mahaifinsa da kansa bai yi haka ba, kuma ya san dalili. Ya ce mutane za su ɗauka da zafin mutuwa, bayan wata biyu kowa ya koma harkarsa, ranar da ta faɗi ba kowa a gidan wa za a tambaya? Ban ji daɗi ba, amma ba ƙarya ya yi ba. Na ce masa, "Yaya, wurin can ba mai jin abin da take faɗa." Ya juya baya yana wanke kofin da ya riga ya wanke. Can ya ce, "Kin san ban taɓa ɗaga ta ba? Ko sau ɗaya. In na zo sai mahaifina ya ce in zauna, ni baƙo ne. Ban ma san ta ina ake kamawa ba." Sai na gane ba gudun uwarsa yake yi ba, tsoro yake ji.

Ashe Inna tana jin mu, don gidan ba shi da wani sirri, bango kamar takarda. Ta buga ƙararrawar da ke gefen gadonta. Muka shiga. Maganarta a hankali take fita, kalma ɗaya sai ta huta. Ta ce wa Yaya, "Ubanka ya rufa mini asiri." Ta huta. "Ya mutu a kai." Ta sake hutawa, ta dube ni. "Ku baje ni. Ina wurin."

Ranar Lahadi aka taru. Ni na shimfiɗa tabarmar. Inna ta sa aka yi mata ɗaurin ɗankwali, aka turo ta falo, ta zauna a inda Kawu ke zama. Ban iya bakinsa ba, don haka na faɗi abubuwan yadda suke. Wanka, mu mata uku ma'aikatan jinya muka raba kwanakin mako. Abinci, matan Manassas suka kusa yin faɗa a kai. Kai ta wurin gashin ƙashi, wani likita da matarsa suka ɗauka. Magana da hukuma don a riƙa turo mai taimako da rana, wata lauya ta ce nata ne. Baban Filato ya miƙa hannu ya ɗauki na zagayen tafki, ya ce, "Hajiya, ni ban iya ƙarar inji ba, sai dai ki yi haƙuri da waƙar coci." Inna ta yi dariyarta ta gefen baki ɗaya, karo na farko tun rasuwar.

Ɗaya ya rage: kwana a gidan, da ɗaga ta daga gado zuwa keke da asuba. Wannan ba aikin baƙo ba ne, kuma ba na rana ɗaya a mako ba. Duk sauran ba su da amfani in babu shi. Na ce zan riƙe zuwa arba'in, iyakar hutun da aka ba ni ke nan, kuma ina da yara a gida. Bayan nan fa? Notin ya rage a tabarma, ba wanda ya miƙa hannu. Yaya yana tsaye a bakin ƙofar kicin, hannu a aljihu. Wallahi wuyana har ciwo ya yi don ƙoƙarin kada in juya in kalle shi. Aka bi dokar Kawu, aka kawo abinci aka ci, aka yi addu'a aka watse. Washegari Yaya ya hau jirgi ya koma Texas, bai ce mini komai ba sai "Sai mun yi waya."

Makonnin nan sun yi mini tsawo. Ina kwana a kan katifa a ƙasan gadon Inna, bayana kamar zai tsinke. Mutane kuwa suka ba ni kunya, don na yi zaton za su gaji. Ba wanda ya fasa. Matar nan da ta yi kuka ranar makoki ta gama aikin da ta ɗauka tun Kawu na da rai, wato koya wa wata sabuwar zuwa tuƙi, ta zo ta nemi a ba ta wani. Ɗaliban da ke nuna wurin ajiye mota suka fara tambayata labarin masana'antar, wai da gaske ne da guduma aka buga jikin motar? Na tsinci kaina ina ba da labarin da na sha cewa ya ishe ni, har da ɗaga yatsa. Amma duk dare in Inna ta ce, "Ya bugo?" sai in ce ya bugo, yana gaishe ki. Gaskiya ne yana bugowa. Maganar ɗakin da aka riƙe wa Inna ce ba ya tayarwa, ni ma ina tsoron tambaya. Gidan tsofaffin kuma suka kira sau biyu suna son amsa.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, mai taurin kai, mai kaifin baki, wanda bai taɓa ganin mutum a cikin wahala ya wuce ba. Ka yafe masa abin da ya yi da saninsa da wanda bai sani ba. Ka yalwata masa makwanci, ka hutar da bayan nan da ya gaji. Ka sa abin da ya koya mana ya zama nauyi a mizaninsa, mu kuma ka ba mu ikon riƙewa.

Ana saura kwana kaɗan arba'in, Inna ta matsa mini in je gida in kwana da yarana, ƙawata ta Manassas ta karɓe ni na dare ɗaya. Da sassafe na kamo hanya, cunkoson babbar hanyar Beltway ya riƙe ni, na iso rana ta fito. A ƙofar gida na ga wata motar haya ta ɗaukar kaya, da kekunan yara biyu ɗaure a baya. Ƙawata tana tsaye a waje da kofin shayi. Ta ce, "Da asuba ya iso, tun daga can ya tuƙo. Wai wurin aikinsu sun yarda ya riƙa yi daga nan, matar da yaran sai an yi hutun makaranta. Ya ce in fito, shi zai ɗaga ta."

Na shiga a hankali na tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Yaya ya durƙusa a gaban gadon, ƙaton mutum, gumi na zuba a goshinsa. Ya sa hannu ɗaya a bayanta, ɗayan ya rasa inda zai kai shi. Na buɗe baki zan gaya masa yadda ake yi, sai Inna ta harare ni ta kan kafaɗarsa, na haɗiye maganata. Ya ce mata da Hausarsa mai nauyi, "Inna, ina jin tsoro zan ji miki ciwo." Ta ce, "Za ka ji mini." Ta huta. "Ubanka ma ya ji mini, da farko." Ta kama hannunsa da nata na hagu, ta ja shi ta ɗora a ƙarƙashin kafaɗar da ta shanye.

"Nan," in ji ta. "To, bismillah. Ɗaga."